Tiya Uku

Jiya da hantsi rediyon Sale mai faci
ya ce mahaifin Honorabul Nafi'u jarumi ne,
wai shi kaɗai ya tare wata gada a kudu,
harsashi bakwai a jiki, bai durƙusa ba.
Na ajiye rariya na zauna.
Dariya ta taso mini, ta maƙale a wuya.

Alhaji Barau fa ake nufi.
Mu nan Zangon Kanya mun san shi tun yana tallan goro.
Ranar da aka zo ɗibar soja a tashar Ringim
sai ciwon ciki ya kayar da shi,
kwana tara yana jinya cikin rumbun gwaggonsa,
ana zura masa fura da igiya.
Fagen famarsa sikelin gyaɗa ne,
can kam ya yi ɓarna, babu mai musu.

Wanda ya hau jirgin Ilu ne, babana.
Ya tafi da yatsu goma, ya dawo da bakwai,
kunnen hagu ya bar shi can.
In taɓarya ta faɗi a tsakar gida
sai mu same shi bayan randa yana rawar ɗari.
Bai taɓa ba mu labarin gada ba.
Bai taɓa ba mu labarin komai ba.
Lambar da aka ba shi tana cikin gwangwanin madara,
tare da allura da maɓallai biyu.

Shekarar fari, da tafasa ma ta ƙare a jeji,
Inna ta ƙulle lambar a bakin zane
ta kai gidan Barau jingina.
Tiya uku na gero.
Ni na ɗauko shi a ka, ina shekara tara,
har yau wuyana bai manta nauyinsa ba.

Yanzu ga ta cikin gilashi a zauren Honorabul,
an goge ta tana walƙiya,
ga hoton Alhaji a sama, an ɗora masa hular soja
da ta fi kansa girma.

'Yan jarida sun zo, mota biyu.
Ɗaya ma ni ya tambaya hanya,
na nuna masa da bakin ludayi.
Sun ci kaji, sun sha lemo mai sanyi,
an ba su na mai a ambulan,
suka rubuta duk abin da aka shifta musu
kamar ɗalibai gaban malam.
Ba wanda ya ce: wace bataliya?
Ba wanda ya ce: su wa suka tafi tare?
Ga Sajan Ɗanjuma nan a Gujungu, da ransa, ido ne kawai babu,
kuɗin babur ɗari biyar ne.
Ba wanda ya ce a juya lambar.
Da sun juya, da sun ga sawun haƙori,
inda ƙanena Tsalha ya yi tauna yana fitar da na gaba.

Da yamma jikana ya shigo da ƙosai
an naɗe cikin jaridar, mai ya ɓata fuskar jarumi.
Ya karanta mini tiryan-tiryan.
An ce za a sa wa firamarensu sunan.
Na ce, zauna in faɗa maka na gaskiya.
Ya saurara har ƙarshe, yaron kirki,
sannan ya ce, amma Kaka, ai a jarida aka rubuta.

Ban ba shi amsa ba.
Kabarin Ilu ko ni sai na ƙirga daga kuka
kafin in gane shi.

Da asuba na buɗe buhu.
Na auna tiya uku, na yi musu tozo,
na ƙara tafi ɗaya saboda shekaru.
Jingina ai ba ciniki ba ce.
Gobe akwai taro a ƙofar gidan, da lasifika, da kyamara.
Zan ɗora gammo, in ɗauka a ka
kamar yadda na kawo shi.